Ranar da Zaman Tela Ya Kunna Ƙwan Fitila

A layin garejin da ke bayan tashar mota ba mai kiransa da sunan yanka. Tsaya-Tukuna ake ce masa, kuma yana amsawa. Mai gyaran wutar mota ne, siriri, ba ya ɗaga murya. Duk direban da ya shigo a gaggauce yana cewa a canza masa kaza, amsar ɗaya ce: "Tsaya tukuna." Sai ya jawo benci, ya zaunar da mutum, ya shiga jero masa tambayoyi kamar likita.

Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, a teburinsa ya koyi riƙe ƙananan abubuwa ba tare da hannu ya yi rawa ba. Da agogo suka daina zuwa gyara ya koma rediyo, daga nan wani maƙwabcinsu bakanike ya ja shi gareji. Shekara ashirin da shida ke nan yana rumfa ɗaya, mai rufin kwano da benci biyu da tarin tsofaffin batura a lungu. Matarsa takan ce haka Allah ya yi shi, don sai da ya shekara biyu yana zuwa gaishe ta kafin ya faɗi abin da ke kawo shi. 'Ya'yansu uku, duka mata, kuma ko ɗaya ba ta gado sanyinsa ba.

Shi ne auta a gidansu. Babbar yayarsa malamar asibiti ce, mace mai zafin nama, wadda tun suna yara take jan sa da hannu tana cewa ya ɗaga ƙafa. Bayan ta daɗe tana aiki ta sayi wata tsohuwar mota ja, ta koyi tuƙi cikin wata guda. Mijinta tela ne, ƙaton mutum mai fara'a, wanda idan ya yi dariya a shagonsa sai an ji a bakin titi. Shi dai ya ce ba ruwansa da sitiyari, keken ɗinki ya ishe shi.

Ba a yi wata biyu ba motar ta fara halinta. Ana cikin tafiya sai ta yi shiru, ta gangara gefen titi ta tsaya. Bakaniken farko da aka kira ya buɗe akwatin fiyus, ya zaro guda ɗaya da ya ƙone, ya sa sabo, mota ta tashi. Bayan kwana huɗu ta sake. Na biyu ya sa wanda ya fi girma, shi ma ya ƙone. A karo na uku Tela da kansa ya naɗa guntuwar waya a gurbin, aka iso gida ana jin ƙaurin roba. Sai a lokacin Yaya ta haƙura ta kawo wa ƙaninta.

"Auta, ba labari na zo yi ba," ta ce tun kafin ta rufe ƙofa. "Fiyus take ci. Ka sa mini mai ƙarfi, wanda ba ya ƙonewa, ina da aiki ƙarfe biyu."

"Tsaya tukuna, Yaya."

"Ai na san za ka faɗa. Shi ya sa na yi ta gudun zuwa."

Ya zaro wayar da Tela ya naɗa, ya ɗaga ta yana kallo, ya girgiza kai. Ya ce mata fiyus ba shi da laifi, aikinsa ke nan, ya ƙone kansa don kada mota ta ƙone. Idan yana ƙonewa, to akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe a wani wuri, kuma wannan na famfon mai ne, shi ya sa motar ke mutuwa gaba ɗaya. Ta ajiye masa makulli, ta tari motar haya tana mita.

Kwana biyu motar tana wajensa. Ya bi wayoyin cikin bonet ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza, ya ja, ya leƙa ƙarƙashi da tocila. Ya sa fiyus daidai girmansa, ya hau hanyar da ta fi kowace ramuka, ya je ya dawo sau uku. Mota lafiya lau, sai ka ce ba ita ba. Abin ya tsaya masa a rai, har matarsa ta ga yana juya cokali a kwano bai kai baki ba. Ta ce, "Ka tambayi duk direbobin duniya, amma yayarka ta hana ka tambayarta. Je ka zaunar da ita a benci mana."

Washegari ranar hutun Yaya ce, ta zo tare da mijinta. Tsaya-Tukuna ya nuna mata benci, ta harare shi, amma ta zauna. Tela ya cika ɗayan bencin shi kaɗai.

"Ranar farko da ta mutu, ina za ki?"

"Dubiyar ƙanwar Baban yara, ni da shi."

"Ta biyu fa?"

"Kasuwa. Na kai shi sayen yadi."

"Ta uku?"

"Na kai shi a duba masa hawan jini."

"Hanyar aiki fa, da kike bi kullum, ta taɓa mutuwa?"

Ta ɗan yi tunani. "Ko sau ɗaya."

Tsaya-Tukuna ya juya a hankali ya dubi mijin yayarsa. Tela ya dafa ƙirji. "Kai, ƙanina, me na yi? Ni ko rediyonta ba na taɓawa."

"A ina kake zama, Yaya Tela?"

"A baya, bayan direba. Kujerar gaba ta ƙi ja baya, gwiwoyina ba sa shiga."

Tsaya-Tukuna ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga ciki, irin wanda yakan ji idan zare ya fara warwarewa, amma bai nuna ba. Ya ɗauko wani ƙwan fitila da ya ɗaura wa wayoyi biyu, ya cire fiyus ɗin, ya soka wayoyin a gurbinsa, ya ba layin wuta. Ƙwan ya yi ja kaɗan, kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ya yi musu bayani cewa muddin komai na daidai haka zai tsaya, amma da zarar waya ta taɓa ƙarfe zai haska sosai. Ya rataye shi a madubi inda kowa zai gani.

"Bismillah, Yaya Tela, shiga ka zauna inda ka saba."

Tela ya tattare rigarsa, ya sunkuya, ya shiga. Motar ta lotsa gefe guda, ƙwan ya haska fari tas.

Tela ya dubi ƙwan, ya dafa kujerar gaba ya ɗan ɗaga jikinsa. Ƙwan ya koma ja. Ya sake zama, ya haska. Sai dariya ta ƙwace masa, motar tana rawa, ƙwan yana ƙyaftawa tare da ita. Yaya ta riƙe ciki ta zame daga benci har sai da ta dafa ƙasa. Mai faci da mai fenti na maƙwabta suka bar aikinsu suka zo, Tela kuwa ya samu abin yi, yana tashi yana zama yana ce musu, "Ku gani, shekara hamsin da biyar ina yawo da lantarki a jikina, ba wanda ya faɗa mini."

"Ni na sani," in ji Yaya tana share hawaye da gefen mayafi. "Shi ya sa na aure ka."

Da aka samu ya fito, Tsaya-Tukuna ya ɗaga kujerar baya. Wayar famfon mai ta bi ta ƙarƙashinta, ta zame daga maƙalinta, ta kwanta daidai ƙasan wani ƙarfen kujerar. Ƙarfen ya ci robar har jan ƙarfen ciki ya fito, wurin bai fi ƙwayar shinkafa ba. Mai ƙaramin jiki zai zauna shekara bai taɓa ta ba. Ya yanke wurin, ya haɗa da dalma, ya naɗe, ya sa ta cikin bututun roba, ya ɗaure ta nesa da ƙarfen. Ya duba sauran layin don ganin ko naɗin Tela ya narkar da wani abu, ya tarar Allah ya kiyaye. Sannan ya koma kujerar gaba, ya zura hannu a layin da take gudu a kai, ya zaro murfin biro da ya maƙale, ya ɗiga mai. Kujera ta ja baya sumul.

Ranar a gaba Tela ya zauna, ya miƙe ƙafafu, ya fito da gwiwar hannu ta taga yana ɗaga wa mutanen gareji hannu kamar wani babban baƙo. Yaya ta leƙo ta ce, "Auta, Allah ya yi maka albarka." Tsaya-Tukuna ya tsaya da tsumma a hannu yana murmushi. A iya saninsa, wannan ne karo na farko da ta yi masa magana ba ta haɗa da cewa ya yi sauri ba.

Bayan mako guda Tela ya aiko masa da rigar aiki shuɗiya da ya ɗinka da hannunsa, mai aljihu goma sha ɗaya, har da wani a hannun riga. Tsaya-Tukuna yakan yi ƙorafi cewa tun da ya fara sa ta ba ya gane inda ya ajiye komai, sai ya laluba aljihu bakwai kafin ya samu filaya. Amma ita yake sawa kullum, kuma idan aka wanke ta, yakan zauna a tsakar gida da shayinsa ya jira ta bushe kafin ya fita.