Kuɓewar Rani

Ranar Asabar muka bar Dogon Dutsi, ni da mai ɗakina da yara, zuwa Gecheme gaida tsohuwata. Kwana ɗaya muka yi. Da za mu taso, tsohuwa ta ƙulle wa mai ɗakina irin kuɓewa a tsumma, ta ce a ajiye sai damana.

Lahadi da la'asar na buɗe ƙofa, na iske tsakar gida ta zama tabki, takalma na yawo a kai. A unguwarmu, in an ɗauke ruwa mukan bar famfo a buɗe don mu ji dawowarsa. Ya dawo ba kowa.

Na hau faɗa, ina neman wanda ya yi wannan sakarci. Mai ɗakina kuwa ta ɗauki hauya ta ja wa ruwan hanya zuwa gindin katanga, ta kwance ƙullin nan ta shuka.

"Maigida, damana ce ta riga mu isowa," ta ce.

Sai ranar da muka ci miyar ɗanyar kuɓewa tsakar rani na tuna. Ni na buɗe famfon, a kan idonta. Har yau ba ta tayar da zancen ba.