Ƙyallen Wuyan Riga

Ni na sa hannu aka tafi da ɗana Kambodiya, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Jami'arsu ta nan Dubai ce ta kwashi ɗalibai, wai ziyarar karatu. Na ce ya je ya huta, ya dawo ya ƙarasa digirinsa ya karɓi shago. Shi kaɗai ne ɗana namiji, ni kuma gwiwa ta fara ƙin benen sito.

Shagona a kasuwar Naif yake. Riguna nake haɗa wa matan Kano, a ɗaure a kai kago, jirgi ya kai musu. Rigar da aka ɗinka a Kambodiya, sai mun sa reza mun cire ɗan ƙyallen wuyan nan mai sunan ƙasa. Hajiya ba ta hau jirgi don ta sayi sunan ƙasar da ba ta iya faɗa ba, kayan Dubai ta zo saye. Haka na tarar ana yi. In an yi hutu shi ke taya ni, kuma bai taɓa ɓarka wuya ba.

Da ya dawo, baki ya ƙi rufuwa. Muna zaune kan dila, yana ba ni labarin mutanen Khmer. Wai kakanninsu sun gina birnin dutse a cikin daji, har saiwar itace ta rungume katangu. Suna gaisuwa da haɗa tafi. Suna da daddawar kifi, warinta ya fi na tamu. Sannan wai an yi wani zamani da masu mulkinsu suka yi ta kashe masu ilimi, har sa tabarau laifi ne.

Na ce, “Ka ga da ni na tsira, ko sakandare ban gama ba.”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Baba, na shiga makarantar da suka mayar kurkuku. Har yanzu hotunan mutanen na bango.”

“Allah Ya kyauta. Miƙo mini dilar can, yalla, maza.”

Ya miƙo. Ya ɗauki reza, ya juya wuyan riga, sai ya tsaya. Ya ce ya ga matan da ke ɗinka su. Da sassafe ake loda su a tsaye a bayan babbar mota, kowace da ƙullin shinkafarta. Wata ta nuna masa yatsunta, duk sun yi kanta.

“Ita ta ɗinka, Baba. Sunan ƙasarta kaɗai ya rage mata a jikin rigar.”

“In na bar sunan, albashinta zai ƙaru?”

“A'a.”

“To khalas. Talauci sai ka je Kambodiya za ka gan shi? Ga Sonapur nan, unguwar leburori, ko ƙauyenmu. Yanke!”

Ya ajiye rezar a kan tebur, a hankali, ba fitsara. Ya ce zai ɗauki kaya, zai ɗaure dila, zai je kago, amma wannan ya bari. Na ce wanda ba zai yanke ba ba zai zauna mini a shago ba. Ina jiran ya ba ni haƙuri, shi ma ashe ni yake jira.

Har gobe ban ga inda na yi ƙarya ba: albashin matar nan bai ƙaru ba. Amma gaskiyar me ta tsinana mini? Ya gama karatu, yana aikin ofis, yana zuwa gaishe ni ran Juma'a da ledar lemo. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa. Labarin Kambodiya kuwa a bakin uwarsa nake jin guntayensa: gidaje a kan dirkoki, jirgin ruwa da aka mai da aji.

Wani ɗan Damagaram ya taya shagon, yana son saye. Na ce masa ya dawo bayan Sallah.