Matar da Ta Fake Ƙarƙashin Gawo

Shekarar da jikata ta shiga aji huɗu a lakwal ɗin Korgom na samu abin da ya fi mini rediyo. Ran Laraba ba su komawa da marece, sai ta ɗauko littafin karatunta ta zauna bakin tabarmata. Ni ina ɓarar wake, ita tana karanto labari da Faransanci layi-layi, tana juya mini shi da Hausa. Faransancina bai wuce gaisuwa ba, ɗan rubutun Hausan nan ma ajin manya na koye shi da furfurata. Amma kunnena ba ya barin magana ta wuce shi, bakina kuwa, tambayi kowa a gidanmu, ba ya barin kunne ya yi aiki shi kaɗai.

Wata Laraba cikin kaka, Madam ɗinsu, wato malamar ajinsu, ta ba su wani gajeren labari da tambayoyi biyar a ƙasa, su amsa cikin kaye, littafin rubutunsu, su kai mata Alhamis. Labarin wata mata ce da ta ɗauko ƙwaryar nono za ta kasuwa. Hadari ya taso, ruwa ya sauko, ta sheƙa ta fake ƙarƙashin wani icce.

Na ce, "Wane icce?"

Ta ce, "Gawo."

Na aje kwasfar da ke hannuna. "Sake dubawa dai."

"Kaka, gawo ne. Ga shi nan, su ma haka suke ce mishi."

"Gawo da damina? Ke ja'ira, tun da aka haife ki kin taɓa ganin gawo da ganye da damina? Ruwan fari na sauka yake tuɓe rigarshi ya tsaya tsirara, sai an yi girbi ya maida ta. Issawane na tashi cikin masu shanu, na ɗauki nono a kan nan nawa har gashin wurin ya ƙare. Wanda ya rubuta wanga abu birni ya zauna, ruwa bai taɓa dukanshi a daji ba. Tsamiya yake nufi."

"Ba a rubuta tsamiya ba."

"To gyara mishi. In ba gyara ba, mi aka kai ku lakwal yi?"

Ta ci gaba da karatu, ni ban ci gaba da saurare ba, ina ta lissafo mata itacen da ke tare ruwa. Can ƙarshe na ji ta faɗi wata kalma da Faransanci, da ta zo juyawa ta haɗiye ta ta wuce. Na ji sarai, amma gawo ya cika mini baki, ban tambaya ba.

Tambaya ta uku ta ce, ina matar ta fake? Ta rubuta tsamiya. Ta huɗu ta ce, ƙaƙa ta isa kasuwa? Muka yi shawara, tunda tsamiya ce, ai a bushe ta isa. Ta rubuta.

Alhamis ta dawo ko fura ba ta kalla ba. Uwarta ce ta faɗa mini: Madam ta soke amsa biyu a kaye da jan biki, alƙalamin nan nata na gyara, ga ƴan ajinsu sun biyo ta har bakin rijiya suna kiran ta mai tsamiya. Laraba ta zagayo, ta ɗauki littafi ta wuce ta gabana ta tafi gidan ƙawarta.

Na ce, "Yau ba labari?"

Ta ce, "Ki yi naki, ai kin fi littafi sani."

Laraba ta biyu ma haka. Na zauna ni da wake, shi bai magana, ni kuwa ba wanda zan katse.

Ni da sai biki ko gaisuwar rasuwa ke fid da ni, na ɗaura zane, na zuba wake cikin ƙwarya, na nufi gidan da Madam ke zaune bayan kasuwa. Yarinya ce sa'ar autata, ta shimfiɗa mini tabarma tana "Iya, da kanki?"

Na ce, "Da kaina, ɗiyata. Ƙara na kawo. Jan bikin da kika yi ma yarinyar nan nawa ne, ni na sa ta. Amma don Allah faɗa mini, gawo na tare ruwa?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Iya, ba ya tarewa. Mai labarin ma ya sani."

Ta ɗauko littafin, ta sa yatsa kan layin ƙarshe ta karanta. Nan take na gane kalmar da jikata ta haɗiye.

Na ce, "Waccan! Tarampe ɗin nan, mi ce ce?"

"Jiƙe sharkaf. Matar baƙuwa ce a karkara, an faɗa tun farko. Ta tsaya ƙarƙashin gawo, ruwa ya yi mata wanka, ta isa kasuwa tana ɗiga, masu nono suna mata dariya. Daɗin labarin duk nan yake."

Ashe ni da mai labarin bakinmu ɗaya, na tare shi tun bai ƙarasa ba.

Madam ta ce, "Abin da kika sani na gawo shi zai sa ta fi kowa gane labarin, in da kin bari ta kai ƙarshe. Ki riƙa tambayarta, Iya, kada ki ba ta amsa. In ta faɗi abu, ki ce ta nuna miki inda aka ce haka. Kalmar da ba ta sani ba kuma kada ta tsallake, ta rubuto ta kawo mini."

Na dawo na iske jikar tana wanke kwanoni. Na tsuguna kusa da ita, gwiwa na ƙara.

Na ce, "Matarki ta jiƙe."

Ba ta ɗago ba. "Na sani. An faɗa mana a aji."

"Ni ce na ɓata miki kaye. Ki yi haƙuri da tsohuwa."

Ta dube ni ta gefen ido. "In na dawo, ba ki magana sai na kai ƙarshe."

"Ko tari?"

"Tari ɗaya."

"To ke ma ba ki ƙara haɗiye kalma. Kunnen nan na jin wucewarta a maƙogwaronki."

Laraba ta zo ta zauna, nesa kaɗan da inda ta saba. Labarin wani manomi ne da ya tafi gona ya bar rumbu buɗe. Rumbu buɗe, ga awaki sake! Maganar ta taso mini har wuya, na jefa goro a baki na danne ta. Sau biyu ta ci karo da kalmar da ba ta sani ba, ta tsaya ta rubuta a bayan kaye. Tarina ɗaya na yi shi tun layi na huɗu, sauran tafiyar da haƙuri na yi ta.

Da ta kai ƙarshe ta rufe littafi, ta matso har gwiwarta na taɓa tawa, ta jawo ƙwaryar wake gabanta.

Ta ce, "To Kaka, fito da maganar kar ta kashe ki."