Gashin Ƙafar Yaya Buba

Shekara arba'in da 'yan kai ke nan da rasuwar yayana Buba, amma har yau na kasa zama wuri ɗaya idan aka yi zancen ciwon daji a gabana.

Mai allurar shanu ne. Daga Bodinga yake tashi, ya bi rugagen Lambara da Dandin Mahe har Shagari, rabin tafiyar a ƙasa. Wani baƙin tabo ya fito masa a tafin ƙafa, muka ce ƙaya ce. Tabon ya faɗaɗa, ya fashe, ya ƙi warkewa. Kafin mu kai shi asibiti a Sakkwato, kaluluwa ta cika masa matsematsi.

Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce dajin fata ne, ya riga ya yaɗu, ko an yanke ƙafar ba a yi komai ba. Abin da ya rage shi ne gashi da na'ura, can kudu. Ba zai warkar ba, sai dai ya busar da gyambon, ya rage zogi.

Inna, mahaifiyarmu, ta miƙe tsaye. "Ɗan nawa za ku kai a gasa awa nama?"

Yaya ya yi dariya, ya ce, "Inna, ba wuta ba ta. Ni dai so nikai in taka ƙasa."

Lokacin mulkin farar hula ne, tsuke bakin aljihu ya fara cizo, albashi sai an ga dama. Muka tafi ni da shi. Muka tarar da layi, na'ura yau ta yi aiki, gobe ta tsaya. Damina guda muka cinye a can. Shi yana kwance, ni ina zagaye barandar asibiti kamar wanda ya ɓatar da wani abu.

Gyambon kuwa ya bushe, warin ya tafi. Da muka dawo, Yaya ya sa takalmi ya taka har kasuwar shanu, makiyaya suka yanyame shi. Bai kai wata daminar ba.

Yau an ce na'urorin sun matso kusa, har da magungunan da ba mu taɓa ji ba. Na san abin da Yaya zai tambaya da yana raye: makiyayin Lambara ya san baƙin tabo a tafin ƙafa abin kai wa likita ne? Ina jin kunyar amsar.

Inna ba ta taɓa yarda mun yi daidai ba. Har ta koma ga Allah tana cewa mun ɗauke mata shi a watannin da suka rage masa. Ni kuma na ga fuskarsa ranar da ya shiga kasuwa da ƙafarsa. Na auna su biyun har na tsufa, ban raba gardamar ba.

Abin da ya bar mini ɗabi'a ce marar daɗi. A sahun masallaci, idanuna kan tafin ƙafar na gabana suke. Sau da yawa nakan jira mutum ya sallame, in ce, "Malam, yi haƙuri, tun yaushe wannan tabon ya fito?"

Allah Ya jiƙan Yaya Buba, Ya haɗa shi da Inna, su ƙarasa zancen.