Tutar Na-Ji

"Ni fa layi ɗaya na ƙara," in ji Mai Gwaji, wadda aikinta gwada manhajojin kwamfuta ne, tana jujjuya kujerarta. "In siginar tsayawa ta shigo, manhaja ta rubuta 'an tsayar da ni'. Shi ne laifin?"

"Shi ne," Na-Ji ya ce, yana murza idanunsa. "Wannan yaren da muke rubutu da shi, ko tari kika yi sai ya je ya roƙo miki gurbi a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ita kuwa sigina ba ta sallama. In ta faɗo mai rabon gurbi ya kulle ƙofa yana tsakar aiki, layinki zai tsaya jiran makulli, mai makullin kuma yana jiran layinki ya gama. An yi cirko-cirko ke nan."

Tun safe manhajar da ke buga takardun da ake liƙa wa kaya a sito ta sandare. Direbobi na zaune a kan kwalaye a ƙasa, Oga na leƙowa yana komawa. Na-Ji ya tsufa a wannan ɗaki mai fanka ɗaya da wayoyi kamar saƙar gizo. Sunan ma a nan ya samo shi: ko wa ya kira shi, sai ya ce "na ji", ya ci gaba da abin da ke hannunsa.

"To me zan sa a wurin?"

"Tuta. Sigina ta zo, ki ɗaga tuta kawai, ki fice. In babbar manhajar ta sauke abin da ta ɗauko, sai ta waiwayo ta gani, ta tsaya a tsanake."

Wayarsa ta yi ƙugi a kan tebur. Yaya ce. Ya kara a kunne, ya saurara, ya ce, "Na ji, Yaya," ya kife ta. Maganar kai Baba wajen likitan ido ce. An sha ɗagawa, idon kuma ƙara rufewa yake yi. Yau tsohon ya yi wanka da wuri, ya sa rigarsa ta fita, yana zaune a bakin gado da sandarsa.

Suka cire layin, suka sa tutar. Mai Gwaji ta aika sigina. Wannan karon manhajar ba ta sandare ba, amma kuma ba ta tsaya ba, sai buga takardu take yi abinta.

"Malam," ta ce, tana danne dariya, "an ɗaga tuta, amma ba mu sa kowa ya waiwaya ba. Ta ɗauko halin ubanta."

Na-Ji bai yi dariya ba. Ya ƙara layin da zai riƙa dubawa bayan kowace takarda. Suka sake gwadawa, manhajar ta gama takardar da ke hannunta, ta tsaya.

Oga ya leƙo. "Madalla. Na-Ji, zo ka duba mana manhajar ma'auni, ita ma tana gardama."

Na-Ji ya juyo da wayar, ya dubi sunan Yaya. Gwiwoyinsa suka yi ƙara da ya miƙe.

"Na ji, Oga," ya ce, ya zari makullin babur ɗinsa daga ƙusa, ya nufi matakala.