Tafin Ƙafar Baba Kiri-kiri

Shekara talatin da biyu Baba Kiri-kiri ya yi yana aiki a filin wasan golf, bai taɓa buga ƙwallo ko sau ɗaya ba. A ganinsa, mutum da girmansa ya wuni yana bin ɗan ƙwallo da sanda, wannan sai marasa aikin yi. Shi darduma ce damuwarsa, wato lallausar ciyawar nan da ke kewaye da kowane rami, wadda ake aske ta ƙasa-ƙasa don ƙwallo ya gangara sumul. Darduma goma sha takwas ce a filin, kuma abokiyar gabarsu ɗaya: kiri-kiri, ciyawar da ta ba shi suna.

Kiri-kiri ba ta da kunya ko kaɗan. Daga gefe take rarrafowa, ta cusa jijiya ta ƙarƙashi, sai a wayi gari ta ɓullo a tsakiyar darduma. Feshi ba ya maganinta a nan, don abin da zai kashe ta zai haɗa da dardumar. Sai dai wuƙa. Kowace safiya Baba yakan tuɓe silifas, ya zagaya bakin darduma cikin raɓa, ya tsaya cak, ya durƙusa, ya zaro jijiya mai tsawon kamu guda yana yi mata faɗa.

"Ke dai ba kya jin magana. Ba jiya muka rabu ba?"

Akwai abin da matarsa kaɗai ta sani: shekara uku ke nan dishi-dishi yake gani. Da tafin ƙafa yake gano kiri-kiri. Darduma laushi gare ta, jijiyar kiri-kiri kuwa tauri, kamar igiya a ƙarƙashin tabarma.

Sai aka kawo sabon manaja, mutumin kirki amma mai son ƙa'ida. Ranar da wani lebura ya taka fasasshiyar kwalba, ya kafa doka: dole kowa ya sa takalmin roba. Baba ya sa. Mako biyu yana yawo kamar wanda aka ɗaure wa ido, kiri-kiri kuwa ta samu sake, ta shige darduma ta bakwai.

"Baba," in ji manaja cikin ladabi, "ko lokacin hutu ne ya yi? Kun yi ƙoƙari."

Maganar ta soke shi. Ya koma gida ya zauna a tsakar gida, ko takalmin bai cire ba.

"Malam," in ji matarsa, "ka faɗa masa gaskiya mana."

"In ce ba na gani? Ai a take zai sallame ni."

"To yanzu da ka yi shiru, riƙe ka ya yi? Mutumin da ke zagin ciyawa tun da sassafe, yau shi ne bakinsa ya mutu!"

Washegari ya ja manaja zuwa darduma ta goma, wadda kowa ke cewa lafiyarta lau. Ya faɗa masa gaskiya. Sannan ya tuɓe takalmin, ya yi taku shida, ya tsaya.

"Ga ta nan ƙiri-ƙiri, Yallaɓai."

Manaja ya sunkuya, ya gyara tabarau. "Ni ban ga komai ba, Baba."

"Ai ba da ido ake ganinta ba."

Ya soka wuƙa, ya janyo farar jijiya doguwa, har da 'ya'yanta. Manaja ya ƙura wa jijiyar ido. Can sai ya zauna a ƙasa, ya cire takalmi da safa, ya taka raɓar yana ɗaga ƙafa kamar kaza a ruwa. Leburori suka fashe da dariya, shi ma ya taya su. Ya taka nan, ya taka can, sai ya yi ihu:

"Na ji ta! Wallahi na ji ta!"

"Wannan tsakuwa ce, Yallaɓai. Matsa gaba kaɗan."

Da rana aka manna sabuwar takarda a ƙofar ɗakin kayan aiki. Baba ya tsaya gabanta, bai ga komai ba sai fari. Manaja ya karanto masa: dole kowa ya sa takalmi, ban da Baba Kiri-kiri.

Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa wuƙarsa.

"Sake karanto min, Yallaɓai," ya ce. "Daga wajen 'ban da' ɗin nan."