Gaiwar da Muka Aika Birnin Kabi

Ni karatuna a aji uku ya tsaya, da malami ya ga kaina ya fi dacewa da ɗaukar kwandon kifi. Ƙanena Bala shi ya ci gaba. Ya yi sakandare a Yelwa, ya koyar a firamare, ya yi kansila, yanzu karo na biyu ke nan yana majalisar jiha. Gobe mutanen tsibirinmu za su taru su tambaye ni, ni babban wansa, ko a sake tura shi. Tun da jirgin kasuwar Wara ya kife da mutanenmu bara, bai tako nan ba.

Shi ya sa tun safe Kaka Tani take cikin raina. Da muna yara, bayan magariba takan zauna bakin wutar banda, tana juya kifi, mu jikoki mun kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye. Sai ta ce, "Ga wata ta hito daga ruwa, wa ka kama ta?" Mu ce, "Mu ne!"

Wata rana ta ba mu tatsuniyar gaiwa. Wai tafki ne ya fara ƙafewa, kifaye suka ce a tura wani wurin kogi ya roƙo ruwa. Tarwaɗa ta ce ba za ta kai ba. Aka zaɓi gaiwa, don ita kaɗai ke iya numfashi a tudu. Tana tafe rana ta yi zafi, sai ta shige laka ta yi barci. Da damina ta farka ta koma tafki, ta tarar da ƙayar kifaye zube. Ta ce, "To wa zan ba amsa?"

Bala ya zabura. "Kaka, a yanka ta!"

"Zamna, mijina marar wando," in ji ta. "Kai ka gan ta tana sata?"

Shekaranjiya Bala ya kira ni a waya. "Yaya, ka yi mini magana gobe-jibi. Maganarka suke ji."

Na ce, "Honarabul, ranka ya daɗe, shigo jirgin da muke shiga ka zo ka yi gaisuwa. Ba na son komai."

"Yaya, ruwa ya cika fa."

"Mu ma a cike muke shigarsa."

Yau na wuni bakin gaɓa. Jirgin la'asar ya iso da mata da awaki da buhun shinkafa biyar, an ce saƙon Honarabul ne. Shinkafa, mu da muke noma ta.

Da ina yaro na ɗauka gaiwa muguwa ce. Yanzu na ga kifayen nan da kansu suka zaɓi wadda ƙafewar tafki ba za ta kashe ba, mu ma haka muka yi. Nono ɗaya muka sha da Bala. Gobe zan miƙe gaban matan da suka yi takaba in ce a nemi wanda 'ya'yansa ke shiga jirgin nan.